Kayen Da Na Riƙe Wa Depite: Wasiƙa Daga Tahoua

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi tsokaci a kan tarihin da kuka buga kwanakin baya na wani ɗan majalisar dokokin jiha a Najeriya wanda Allah ya yi wa rasuwa. Ban san marigayin ba, ban taɓa taka mazaɓarsa ba, kuma ba ni da abin faɗa a kansa sai addu'ar Allah ya jiƙansa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda aka jera labarin. An ba mu garin haihuwarsa da makarantun da ya yi, daga nan aka shiga lissafin rijiyoyin burtsatse da ya haƙa, da baburan da ya raba wa samari, da mutanen da ya biya wa kujerar Makka, har shafi ya ƙare ba a ambaci doka ko guda da ya kawo ba, ko wadda ya dage ya ƙi, ko ranar da ya miƙe ya tambayi wani kwamishina inda kuɗin jama'a suka shiga. Mutum ya yi shekaru ana kiransa mai yin doka, amma aka rubuta rayuwarsa kamar ta attajiri mai sakin hannu.

Ban ga laifin wakilinku ba, domin abin da mutane suka faɗa masa shi ya rubuta, kuma da Tahoua aka aiko shi, irin wannan lissafin za mu yi masa. Na san haka ne saboda na yi shekaru ina riƙe wa wani ɗan majalisarmu littafin masu roƙo, kuma labarinsa nake so in ba masu karatu, ba tare da na kama sunansa ko na jam'iyyarsa ba, don iyalinsa suna nan da ransu.

Kafin nan akwai bambancin da ya kamata 'yan'uwanmu na Sakkwato da Katsina su sani. Mu ma muna kiran Tahoua jiha, amma jiharmu ba ta da majalisar da ke yin doka. A Najeriya kowace jiha da tata, tsarin mulkin 1999 ya ce kada kujerunta su gaza 24 kada kuma su wuce 40, ta Sakkwato da muke maƙwabtaka da ita tana da 30, kuma kowane wakili da mazaɓar da aka shata masa, ta yadda mutumin Illela ta tsallaken iyaka ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. A Nijar kuwa, kafin juyin mulkin 2023, doka daga gida ɗaya take fitowa, wato majalisar dokokin ƙasa da ke Yamai, majalisun jihohin da aka fara zaɓa a 2011 aikinsu tsara raya yanki ne kawai. Wanda muke kira depite ba sunansa muke jefa wa ƙuri'a ba. Kowace jam'iyya tana kawo jerin sunaye na jiha baki ɗaya, a raba kujeru gwargwadon ƙuri'un da kowace ta samu, in ban da 'yan mazaɓu takwas na musamman irin su Tassara da aka ware don ƙananan al'ummomi. Saboda haka wanda ke da ikon sa sunanka a saman jeri ko a ƙasansa ya fi mai jefa ƙuri'a riƙe da wuyanka, kuma wannan shi ne zaren da ya ɗaure rayuwar mutumin da nake magana a kansa tun daga farko har ƙarshe.

Malamin makaranta ne, shi ya sa har ya koma ga Allah ba mu daina ce masa Mushe ba, yadda muke kiran malamin boko a nan. Ya koyar a ƙauyukan Keita da Buza a zamanin da malami ke kwana a ɗakin zana, ya sha ruwan tabki tare da ɗalibansa, ni ma a hannunsa na koyi haɗa baƙi da wasali kafin in bi sawunsa cikin aikin alli. Bai san siyasa ba sai bayan babban taron ƙasa na 1991, lokacin da jam'iyyu suka fito kamar farin dango, kowace tana neman mai ilimin boko wanda ƙauye ya yarda da shi. A zaɓen Fabrairun 1993 ya shiga cikin mutum 83 da suka zauna a majalisar farko ta jam'iyyu da yawa. Bai cika shekara biyu ba, a watan Oktoban 1994, shugaba Mahamane Ousmane ya rusa majalisar bayan ta kayar da gwamnatin Souley Abdoulaye. Da aka sake zaɓe a Janairun 1995, sai jam'iyya ta saukar da sunansa ƙasa don ta ba wani mai kuɗin kamfe wuri, kujerun da aka samu suka ƙare kafin a iso gare shi. Ya dawo ya ɗauki alli. Waɗanda suka samu shiga ma ba su daɗe ba, domin majalisar nan da ɗan Adar Mahamadou Issoufou ya shugabanta sojoji sun kore ta ranar 27 ga Janairun 1996. A 1999 ya koma a matsayin mataimaki, tun da kowane depite a wurinmu ana zaɓensa ne tare da wanda zai gaje shi, kuma da aka naɗa mai kujerar minista, sai Mushe ya hau. A 2004, lokacin da aka ƙara kujeru suka kai 113, ya shiga da sunan kansa.

A waɗannan shekarun ne na zama ɗan hannunsa duk lokacin da ya zo hutu gida. Tafiyar ta fi kilomita 500, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Dosso, yakan iso cikin dare a gajiye, amma kafin a sallame sallar asuba labari ya game gari. Ina iya tuna wata Asabar da na iso na tarar takalma sun yi layi uku a ƙofar zaure. Ta farko wata tsohuwa ce da ta kwance bakin zanenta ta fito da takardar magani da aka rubuta wa jikanta, wadda muke kira odonansi, ta ninke ta har rubutun ya fara gogewa. Bayanta wani dattijo ne da ɗansa ya tafi bida Abijan ya kwanta ciwo, yana neman kuɗin motar da za a ɗauko shi. Sai samarin wata fada, wato dandalin hirar matasa, da ke son ƙwallo da riguna da kuɗin shayi, sai wakilin wani maigari da ke tambayar taki, sai mai suna ranar Talata wanda bai ga rago ba. Aikina shi ne in rubuta suna da ƙauye da buƙata a cikin kaye, wato littafin rubutu irin na 'yan makaranta, Mushe ya saurara, ya sa hannu a aljihun gefen rigarsa, ni kuma in rubuta a gaba: jika biyu, jika biyar, ko kuma a dawo gobe. Har azahar ana haka. Tsakanin mutanen da suka zauna a tabarmar nan a ranar, babu ko ɗaya da ya tambaye shi abin da aka tattauna a Yamai cikin wata ukun da ya yi can.

Albashin ɗan majalisa ya fi na malami nesa ba kusa ba, wannan ba a musu, amma ni na ga yadda yake narkewa kafin goma ga wata, daga nan kuma sai bashi wurin 'yan kasuwa. Wanda ya ci bashin ɗan kasuwa kuwa, ranar da aka kawo dokar kwastan ko ta haraji gaban majalisa, bakinsa ya riga ya yi nauyi. Mu da muke cika zauren ba mu taɓa haɗa waɗannan abubuwa biyu ba. Ni kaina ban fita daga cikin masu laifi ba, domin na taɓa roƙonsa ya yi magana a ɗauki ƙanena aiki a wata ma'aikata, ya ce mini ba zai je ya durƙusa wa ministan da yake shirin yi wa tambaya a bainar jama'a ba. Na yi wata biyu ban taka gidansa ba, ina faɗa wa mutane cewa Mushe ya samu duniya ya manta da nasa.

Abin da ya sa na ce rayuwar ɗan majalisa tana cikin dokokin da ya ɗaga wa hannu, ga misali biyu daga zamaninsa, ɗaya na yabo ɗaya na zargi.

A 2003 majalisa ta gyara kundin hukunta laifuffuka, ta mai da bautar da ɗan Adam babban laifi mai ɗaurin shekara 10 zuwa 30. Mai karatu na nesa zai iya ɗauka magana ce ta tarihi, amma a yankinmu magana ce ta gidaje da muka sani, musamman al'adar wahayya, inda mai hali zai sayi yarinya ya ajiye ta bayan matansa huɗu, ba sadaki ba ranar girki, sai aiki da shimfiɗa. Ƙungiyar Timidria ta yi shekaru tana kuka a kan haka kafin dokar ta samu. Mushe ya goyi bayanta a fili, ya kuma yi bayaninta da Hausa a tarukan ƙauye, abin da ya sa wasu manyan da a da suke aiko masa da rago da salla suka daina amsa gaisuwarsa. Shekara biyar bayan haka, a Oktoban 2008, kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta zauna a Yamai ta yanke hukunci a kan ƙarar Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana da shekara 12 a yankin Ƙonni, ta ce hukuma ta kasa kare ta, ta kuma umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10. Ba na cewa wahayya ta ƙare, domin doka a takarda daban, alƙalin da zai yi aiki da ita daban. Amma tun daga ranar da aka sa hannu a dokar nan, yarinyar da ta gudo daga irin wannan gida tana da abin da za ta dogara da shi a gaban shari'a, kuma duk kuɗin da ke cikin kayena, ko an tara su wuri ɗaya, ba za su saya mata wannan ba.

Na biyu shi ne na farkon 2005, lokacin da majalisa ta amince da dokar kasafi da ta ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari a kan kayan masarufi irin su madara da fulawa da sukari, har da ruwan famfo da lantarki. Kashi 19 na jika guda, wato dala 200, dala 38 ne, kuma an ɗora shi bayan fari da fara sun cinye amfanin gonar 2004, a shekarar da ta zama ta yunwa a Tahoua da Maraɗi da Damagaram. A watan Maris ƙungiyoyin yaƙi da tsadar rayuwa suka fito, aka yi jerin gwano a Yamai, aka yi ranakun rufe kasuwanni da shaguna a manyan garuruwa, har gwamnati ta ja da baya a kan yawancin kayan a watan Afrilu. Mushe yana cikin waɗanda suka ɗaga wa dokar hannu. Da na tambaye shi dalili wata rana bayan isha'i, muna zaune mu biyu, sai ya ce: "Malam, jam'iyya ta ce a ɗaga, wanda ya fita daga jam'iyya kuwa kujerarsa ta mataimakinsa ce. Na duba zauren nan na ga in na sauka wa zai saya musu magani, sai na ɗaga." Ban karɓi wannan uzuri ba a lokacin, yanzu ma ban karɓa ba, domin tsarin mulki ya ce depite wakilin ƙasa ne baki ɗaya, ba wanda ke da ikon tilasta masa yadda zai yi zaɓe. Amma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, mutanen da suka rufe shagunansu don ƙin harajin, su ne suka dawo zauren a hutun da ya biyo baya, ba kuma wanda ya ce masa don me. Tsohuwar da aka ba jika biyu ta yi godiya ta tafi, ba ta san hannun da ya ba ta shi ne ya ƙara mata kuɗin sukarin kokonta ba.

Kada a ɗauka majalisar tamu ba ta da haƙora. Ranar 31 ga Mayun 2007 ta kayar da gwamnatin Hama Amadou da ƙuri'a 62 cikin 113 a kan batun kuɗin ilimin firamare, abin da ya taɓa mu malamai kai tsaye. Kada kuma a ɗauka waliyyai ne, domin a 2008 sun yi wa kansu dokar ƙarin alawus wadda ta fusata jama'a, sai da kotun tsarin mulki ta taka musu birki. Duk waɗannan ranaku ne da ya kamata a ce an san inda kowane wakili ya tsaya, amma in ka zagaya Adar yau kana tambaya, da wuya ka samu mai gaya maka.

Wani ɓangare na wannan duhu daga harshe yake. Da Faransanci ake rubuta dokokin, da shi ake buga su a jaridar hukuma, alhali mafi yawan masu jefa ƙuri'a ba su jin sa, har da wasu daga cikin 'yan majalisar kansu. Mushe ya sha ba ni labarin yadda abokan zamansa 'yan kasuwa, masu wayo da sanin duniya amma ba su yi boko ba, suke zuwa masaukinsa da dare ya fassara musu daftarin da za a yi zaɓe a kansa da safe. Tsarin mulkin 2010 ya nemi maganin abin ta hanyar cewa kashi 75 cikin ɗari na 'yan takarar kowane jeri sai sun mallaki takardar BEPC, wato shaidar kammala ƙaramar sakandare. A ganina an kama reshe ne an bar tushe, domin ko da dukansu sun yi digiri, manomin Badagishiri da mai albasar Galmi suna nan a inda suke, ba su san abin da aka yanke da sunansu ba.

Aikin Mushe ya ƙare ranar 26 ga Mayun 2009, lokacin da shugaba Tandja Mamadou ya rusa majalisa a rikicin tazarce. A rediyo ya ji, kamar kowa. Ɗan majalisar jiha a Najeriya tun daga 1999 galibi ya san shekara huɗunsa za su cika, namu kuwa bai taɓa sanin ranar sallamarsa ba: sojoji sun rufe majalisa a 1974 da 1996 da 1999 da 2010 da 2023, shugabannin farar hula sun rusa ta a 1994 da 2009. Mutumin da ya san ana iya tashinsa gobe, kuma ya san ba za a tuna shi da komai ba sai abin da ya raba, ba abin mamaki ba ne in ya fi kula da aljihu a kan daftari. Mushe ya dawo Tahoua da tsohuwar mota da bashi. Cikin wata guda zauren ya zama fayau, takalman da ke ƙofa suka koma nasa da nawa da na wani makaho maƙwabcinsa. Ya ƙarasa kwanakinsa yana noman gero, yana kuma karantar da 'ya'yan unguwa lissafi da yamma ba tare da karɓar ko dala ba.

Ranar ta'aziyyarsa na zauna daga gefe ina sauraro. Wannan ya ce shi ya kai mahaifiyarsa asibitin Galmi, wancan ya ce shi ya yi masa rufin ɗaki, wani kuma ya yi ƙasa da murya ya ce ai bai tara komai ba, ko bene bai gina ba, kamar wannan ma wani aibi ne. Har aka shafa fatiha ta kwana bakwai ban ji wanda ya ambaci dokar 2003 ba, ban kuma ji wanda ya ambaci harajin 2005 ba. Da wakilinku ya zo a ranar, da labarin da zai rubuta bai bambanta da wanda kuka buga ba ko da layi ɗaya.

Yanzu ba mu da zaɓaɓɓiyar majalisa. Kujeru 171 da muka sani sun tashi tun 26 ga Yulin 2023, an rusa jam'iyyu, akwai majalisar ba da shawara da aka naɗa a 2025, kuma kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na shekarar ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa. Ko wace irin majalisa za a kafa nan gaba, roƙona gare ka, Edita, bai wuce ƙarfin jarida ba. Idan za ku rubuta rayuwar wani ɗan majalisa, na jiha ne a Najeriya ko depite ne a Nijar, mai rai ne ko marigayi, ku tura wakilinku ofishin da ake ajiye bayanan zaman majalisa kafin ku tura shi ƙofar gida. Ya gano mana kwamitin da mutumin ya zauna, da kwana nawa ya halarta cikin kwanaki 181 da tsarin mulkin Najeriya ya wajabta wa majalisar jiha ta zauna a shekara, da daftarin da ya kawo, da inda ya tsaya ranar kasafin kuɗi, sannan a rubuta mana da Hausar da za a iya karanta wa tsoho a gindin bishiya. Rijiyoyin da baburan a sa su daga baya, ba na ƙin a ambace su.

Bayan rasuwar Mushe, babban ɗansa ya kira ni ya damƙa mini wata jakar fata da aka samu a ƙarƙashin gadonsa. A ciki akwai kaye shida na masu roƙo, duk da rubutun hannuna, waɗanda ba zan nuna wa kowa ba saboda asirin mutane ne. A ƙasansu kuma akwai wata 'yar siririyar ambulan mai ɗauke da tambayoyin da ya rubuta wa ministoci, an buga su da tafireta da Faransanci, ɗaya a kan azuzuwan zana da ake rufewa da saukar damina, ɗaya a kan rabon hatsin sauƙin farashi a shekarar yunwa, sauran a kan hanyoyin karkara da albashin malaman kwantaragi. Na fara mai da su Hausa da yamma idan zafi ya sauka, na gama uku. In kana da fili a shafin wasiƙu, kuma iyalinsa sun yarda, zan riƙa aiko maka da su ɗaya bayan ɗaya.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarku albarka. Wassalam.

Naka,
Wani tsohon malamin makaranta,
Tahoua, Jamhuriyar Nijar